Riyal ɗin Yaya Labaran

Duk Birnin Gwari da suna biyu aka san yayana. A gaban idonsa Alhaji Labaran tela, a bayan idonsa kuwa Alhaji Riyal. Ni ce Furera, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a bakin kasuwa. Na sha jin suna na biyun da kunnena, kuma wallahi duk wanda ya kuskura ya faɗe shi a gaban tirena bai tafi da daɗin rai ba. Cewa suke yi yana da kuɗi jibge a bankin Saudiyya, amma ko ruwan leda ba ya iya saya wa mutum. Maganar kuɗin gaskiya ce, suna nan a wani banki a Jidda har gobe. Abin da ba su sani ba, mutumin nan ya yi shekarunsa na ƙarshe da tsoro guda ɗaya a ransa, kada ya mutu da bashin wani a wuyansa.

Ina budurwa ya tafi, lokacin da mace za ta shiga dajin nan ta yo itace ta dawo ba wanda ya ce mata kanzil. Wani tsohon Balarabe mai shagon ɗinki ne ya ɗauke shi aiki, da takardu da komai, har da katin zama da suke kira iƙama. Jallabiya yake ɗinkawa daga safe har yamma, kusan shekara ashirin. Tsohon ne ya kai shi banki aka buɗe masa asusu. Yakan aiko mana da na cefane da na taki, sauran ya bar su can, wai riyal ba ta lalacewa. Burinsa ya dawo ya gina gida mai shaguna a kan hanyar Funtuwa, ya kai Innarmu aikin hajji. Matarsa Karima ta yi jira har ta gaji, ta nemi saki ta waya, ya ba ta. A lokacin na zage ta tas, amma yanzu da na girma ban ga laifinta ba.

Sai tsohon ya rasu. 'Ya'yansa suka sayar da shagon, ba wanda ya damu ya sabunta wa Yaya iƙama. Wata rana ya sa katinsa a na'urar cirar kuɗi ta tofo masa shi. Ya shiga ciki, aka ce masa an rufe asusun sai ya kawo iƙama mai rai. Kuɗinsa ne, guminsa ne, ma'aikacin ma ya juyo masa da kwamfuta ya ga adadin da idonsa, amma ko riyal ɗaya ba zai taɓa ba. Ya koma yana ɗinki a ɓoye cikin ɗakin da suke haya shi da wani Basudane mai gasa burodi, sunansa Abdulfattah.

A wannan shekarar ce Inna ta kwanta. Aka ce sai an yi mata aiki a Zariya, aka faɗi kuɗin da ni ko a mafarki ban taɓa riƙe su ba. Na kira Yaya ina kuka ina masifa, na ce masa in ya bar uwarsa ta mutu yana tara kuɗi a ƙasar wasu, kada ya sake kirana ƙanwarsa. Ya ce in ba shi 'yan kwanaki. Kafin mako ya zagayo kuɗi suka iso. Na ɗauka daga banki ya ciro. Ashe riyal dubu shida ne Abdulfattah ya ciro daga ƙasan akwatinsa, kuɗin da yake tarawa don rufin gidansa a Sudan. Ba takarda, ba shaida. Cewa kawai ya yi, ranar da aka buɗe maka asusu ka ba ni.

Ranar ba ta zo ba. Bayan 'yan watanni 'yan sanda suka yi shara a unguwar, suka kwashe marasa takardu, har da Yaya. Aka ɗauki zanen yatsunsa, aka sa shi a jirgi. Shekara ashirin, ya sauka a tashar garin nan da silifas da leda guda a hannu. Inna kuwa ta warke, ta ƙara damina biyu tana sallah a tsaye tana cin tuwonta, ta rasu ba ta san da kuɗin wa aka yi mata aiki ba.

Ni ma sai bayan rasuwarta na sani. Na je shagonsa da kwanon abinci, na same shi yana ɗinke aljihun wata tsohuwar riga, na fara abin da na saba.

"Yaya, wai kai haka za ka ƙare? Ba mata, ba ɗa, sai kai sai keken ɗinki? Ka ciro kuɗin nan ka yi aure mana, ko da su za a binne ka?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Zauna, Fure."

Ya faɗa mini komai, a hankali, kamar labarin wani yake bayarwa. Da ya gama na rasa inda zan sa fuskata. Na ce to ai da sauƙi, tunda na banki sun fi bashin, a ce wa bankin ya ba Basudanen nasa.

Ya yi wani murmushi da ban so ba. "Daga ƙofar bankin zuwa gidan burodinsa, da ƙafa nake zuwa. Kuɗina suna nan, mai bina yana nan, gari ɗaya, titi biyu tsakaninsu. Ni ne kawai ba na nan."

Ba wai bai gwada ba. Ya je Kaduna, ya je Abuja, aka ce sai ya ɗauki lauya a can Saudiyya, sai takardar wakilci, sai hatimi kaza da kaza, kuma kowane mataki da riyal ake biyansa. Wani ɗan iska a Kano ya ce ya san hanya, ya karɓi kuɗin bijimi guda, daga ranar lambarsa ta daina shiga. Daga nan Yaya ya cire rai da banki, ya ce da hannunsa zai biya.

Lokacin da ya dawo riyal ɗaya ba ta wuce naira ɗari ba. Ya yi lissafi ya ce in Allah ya yarda damina uku ta isa. Yana ɗinki, yana noma gonarmu ta gado a Damari. Duk abin da ya tara sai ya ba direba ya kai wa 'yan canji a Kaduna, a dawo masa da riyal, ya jira wani mai tafiya umara ko hajji ya ba shi saƙo. Damina ta farko an samu masara, ya aika da kaso mai kyau, har ya sayo mini atamfa. Ta biyu mutanen daji suka ce ba mai girbi sai an biya su. Ta uku ko hanyar gonar ba mai bi. Ya sayi ɗan maraƙi ya ba wani kiwo, aka kora shi da sauran shanun ƙauyen. Ya rage daga shi sai keken.

Sannan naira ta fara zamewa. Kai, ni ban taɓa ganin zalunci irin wannan ba! Mutum bai ƙara cin bashin ko sisi ba, yana kwance a ɗakinsa, bashinsa yana girma. Ya tara kuɗin riyal ɗari biyar, kafin direba ya isa Kaduna sun zama na ɗari huɗu. Riyal ɗaya daga naira ɗari ta koma ɗari biyu, muna salati, ta haura ɗari huɗu. Kullum da safe kafin ya taka keke sai ya buga wa ɗan canji ya ji farashi. Ina iya gane amsar daga yadda ya ajiye wayar.

Abin takaicin, faɗuwar nairar nan da ke kashe shi ita ce ke ƙara masa suna a gari. 'Yan majalisar bakin kasuwa su ne masu yi masa lissafi. Yana wucewa za ka ji, "Alhaji, yau fa kun ƙara kuɗi! A tuna da talakawa!" Masu neman rance suka yi ta zuwa, mai haihuwa, mai aurar da 'ya, mai kuɗin makaranta. Ya ce babu, su fita suna Allah wadai da rowa. Na ce ya fito ya faɗi gaskiya, ya ce sirrinsa ne da na Inna, ba ya so a ce da kuɗin baƙo aka yi wa uwarsa magani yana raye. Ni ban iya riƙe baki ba, na faɗa wa mata biyu uku. Dariya suka yi, wai dabara ce ta masu kuɗi.

Kuma a garin nan, a waɗannan shekarun, a ce kana da kuɗin waje ba abin wasa ba ne. Magana tana fita daga kasuwa ta shiga daji kafin la'asar. Wata rana baƙuwar lamba ta kira shi, wata murya ta ce, "Alhaji Riyal, muna gaisuwa," aka kashe. Labari ya bazu. Tsofaffin da ke zama a bencin shagonsa suna taɗi suka janye ɗaya bayan ɗaya, kowa na tsoron a zo ɗaukarsa a haɗa da shi. Masu kawo ɗinki sukan miƙa daga bakin ƙofa su wuce. Biki ba a gayyatarsa, shi ma ba ya zuwa. A masallaci ƙarshen sahu yake tsayawa, ana sallama ya ɗauki takalmansa. In na leƙa da rana sai in tarar da shi shi kaɗai, bencin ya yi ƙura, ba abin da ake ji sai ƙarar keke. Tausayinsa yakan cika ni har in rasa abin faɗa, sai in ɓige da yi masa faɗa a kan bai ci abinci ba.

Rana ɗaya ce yake zama mutum, ranar Juma'a. Ana saukowa daga masallaci zai sayi kati, ya jawo ƙofar shago, ya kira Abdulfattah. Ni ba na jin Larabci, amma na sha zama ina saurare. Zai fara da bayanin inda aka kwana a kan bashi, wannan na gane don ina jin riyal, riyal. Daga nan sai murya ta sake, sai taɗi, sai in ji Yaya yana ƙyalƙyala dariya har da buga cinya. A nan kaɗai nake jin dariyarsa. Da aka yanke layukan waya a yankin nan, watanni ba sabis, sai ga shi ya shirya zai hau mota ya bi hanyar da ake tare mutane, wai zai je inda waya ke shiga. Na tsaya a bakin ƙofa na riƙe masa riga.

"Yaya, kana da hankali kuwa? A kan gaisuwa za ka kai kanka?"

Ya ce, "In ya ji shiru zai ce na gudu da kuɗinsa. Sake ni, Fure."

Ya je, ya dawo lafiya, ni kuwa na yi kwana biyu ban yi masa magana ba.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan, iyalin Abdulfattah suka gudu suka bar gidan da ba a gama rufawa ba. Mutumin bai tambayi Yaya ko riyal ɗaya ba, labari kawai ya ba shi. Amma daga ranar Yaya ya koma cin abinci sau ɗaya. Ya sayar da rediyonsa, ya sayar da babbar rigarsa ta Sallah. Bashin ya sauko ya tsaya a riyal dubu biyu, ya ƙi motsi, don abin da yake samu a wata bai fi ya sayi 'yan riyal ƙalilan ba. Ƙafafunsa suka fara kumbura, taka keke ya zama wahala. Na ce mu je asibiti, ai yanzu an yi sulhu hanya ta buɗe. Ya ce babu kuɗi. Na san akwai 'yan riyal a gwangwanin madara yana jiran mai tafiya umara, na ce a canza su.

Ya ce, "Waɗannan ba nawa ba ne."

Na yi masifa har maƙwabta suka leƙo. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Fure, kin san abin da Liman yake tambaya kafin ya ta da kabbara. Ina tunanin ranar, ina kwance a gabansu, a yi tambaya a yi shiru. Shi ne abin da ke hana ni barci, ba ciwon ba."

Na sani sarai. A nan ba a sallatar gawa sai Liman ya juyo ya tambayi jama'a ko akwai mai bin mamaci bashi. In akwai, sai wani cikin dangi ya ce ya ɗauka, bashin ya tashi daga wuyan mamaci ya koma nasa, sannan a yi sallah. Mai 'ya'ya maza ba ya fargabar wannan. Yaya kuwa ba shi da kowa sai ni, ni kuma mace, ba na cikin sahu.

Da hantsi ya rasu, ina riƙe da kofin kunun da ya kasa sha. Aka yi masa wanka, aka fito da shi ƙofar gida. Mutane sun taru fiye da yadda na zata, har da ɗan baffanmu Habibullahi, wanda ya shekara bai tako shagon ba amma tun a zaure yake tambayar inda katin banki yake. Mu mata muna ciki, ni na matso jikin ƙofar zaure ina jin komai.

Liman ya yi tambayarsa, ba wanda ya amsa. Sai ya yi gyaran murya ya ce marigayi ya same shi da kansa tun kafin ya kwanta, ya shaida masa akwai wani bawan Allah a Jidda da ke binsa, abin da ya rage ya kusa riyal dubu biyu. Ya ce, "Wa zai ɗauka?"

Sai guna-guni. Na ji wani yana tambayar nawa ke nan a naira, wani ya faɗa masa, wani ya ce kai! Sai muryar Habibullahi, "Allah gafarta Malam, ai yana da su a banki. A cira daga can mana."

Liman ya ce, "Kuɗin da mai su ya kasa taɓawa yana raye, wa zai taɓo su yanzu? Mutum nake nema. Wa zai ɗauka?"

Shirun da Yaya yake tsoro, shi ne ya sauka. Har kukan akuyar maƙwabta ina ji. Yana kwance a rana cikin likkafani, mutanen da suka shekara suna ƙirga masa dukiya kowa ya sunkuyar da kai. Wata tsohuwa ta riƙe mini zane. Na fizge, na ɗaga murya yadda nake kiran masu sayen mai a kasuwa.

"Malam, ni Furera na ɗauka! Da kuɗin aka yi wa uwata aiki. Ku sallaci yayana!"

Wani ya fara cewa mace ba ta, Liman ya katse shi. Ya ce, "An ɗauka. Ku daidaita sahu." Da na ji kabbarar farko na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun safe.

Ranar Juma'a bayan an sauko, wayar Yaya ta yi ta ƙara a cikin kwalla inda na ajiye ta. Na san ko wane ne. Na yafa mayafi na kai wa Malama Saliha, mai koyar da matan unguwarmu karatu, don ita tana jin Larabci. Ta faɗa wa Abdulfattah rasuwar. Na ji wani sauti daga wayar, dattijo yana kuka kamar yaro. Da ya lafa na ce ta gaya masa ni ce ƙanwar, bashin yana wuyana, zan biya ko zan shekara goma ina tuyar ƙuli.

Ya yi magana mai tsawo. Malama ta dube ni ta ce, "Ya ce ya yafe. Duniya da lahira, ya yafe."

Wallahi ba daɗi na fara ji ba, wuta ce ta taso mini. Na ce, "Tambaye shi! Ina ya ajiye wannan kalmar duk shekarun nan? Mutum ya bar cin abinci, ya bar asibiti, sai da ya shiga ƙasa za a ce an yafe?"

Malama ta faɗa masa. Da ya amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa, ita ma Malamar sai da ta share ido kafin ta juya mini.

"Ya ce sau biyu yana fara cewa ya yafe, Labaran yana rantse masa kada ya ƙarasa. Daga baya kuma shi ne ya ji tsoro. Ya ce duk wanda aka kora daga ƙasar nan, wata biyu uku sai ya daina kira. Shekararsa talatin a Jidda, iyalinsa sun watse, ba mai neman sa ranar Juma'a sai Labaran. Ya ji tsoron in bashin ya ƙare, kiran ma zai ƙare. Ya ce ki yafe masa."

Na rasa bakin masifa, ni da ban taɓa rasawa ba. Na karɓi wayar na riƙe a kunne, ina jin numfashinsa, yana jin nawa.

Liman ya ce tunda mai shi ya yafe, ba komai a wuyan kowa. Riyal ɗin gwangwani na ba wata mai tafiya umara ta kai masa duk da haka, don Yaya ya ce ba nasa ba ne. Na banki kuwa suna can. Habibullahi ya yi zirga-zirgarsa Kaduna har ya gaji ya bari. An ba wani mai gyaran waya hayar shagon, ya fitar da bencin waje.

Yanzu duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan rufe tirena in sayi kati. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. In yi sallama ya amsa, ya ce Furera, in ce na'am, ya ce alhamdulillah, in ce alhamdulillah. Wani lokaci ya yi ta zuba Larabcinsa, ina jin sunan Labaran a ciki, ni ma in ba shi labarin kasuwa da tsadar gyaɗa da Hausa. Haka muke yi har katin ya ƙare.